Digiri Huɗu

Ruwa ya ɗauke a Agege, kwata na ta gunaguni.
Wuta kuwa tun la'asar rabonmu da ita,
janareton maƙwabci ke ara mana ƙwai ɗaya.
A kan benci kamshaf uku kwance cikin tsumma.

Folarin, mai motar, yatsansa na kan ta ukun,
wadda Ikenna ya kawo daga Ladipo a naɗe cikin jarida,
tozonta tsaye kamar na bijimin layya.
Ya ce wannan.
So yake in ya taka a Ikeja
a jiyo shi har bakin teku.

Oga Sallau bai ce ƙala ba sai da ya gama goronsa.
Ya ce: Yaro, babban tozo
wangale bawul yake yi, ya daɗe bai rufe ba.
A juyi dubu bakwai, daɗi har kunne.
To yaushe rabonka da dubu bakwai,
kai da ke wuni a gosulon Oshodi,
danfo gaba, danfo baya, mai fiyawata na ƙwanƙwasa gilashi?
A can tari za ta riƙa yi maka
ta mutu a hannunka kamar aci-balbal a iska.
Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Muka ɗauki ta tsakiya.

Daga nan aikin ya dawo kaina.
Na kai fistan na ɗaya can ƙololuwa
inda yake tsayawa cak, bai hau ba, bai sauka ba.
Na ɗaura faifan digiri a hancin karanshaf,
na lanƙwasa waya ta zama manuni.
Allurar agogon awo na rawar ɗari a kan bawul.
Ni ma haka.

Don na taɓa kuskure haƙori ɗaya a bel,
ɗaya tak, bara waccan,
bawul takwas suka lanƙwashe kamar lauje.
Wata huɗu ina biya, ina shan garin kwaki ba sukari.

Akwai wani ɗan lokaci, in ji Oga,
da ƙofofin biyu ke buɗe tare,
hayaƙi bai gama fita ba, iska ta danno kai,
kamar bakin bas a Obalende,
masu sauka da masu hawa kafaɗa da kafaɗa.
Ya yi yawa, rigima. Ya yi kaɗan, mota ta tashi rabi.

Tura ta gaba digiri huɗu, ya ce.
Gaba, ƙarfi ya sauko ƙasa, inda ake tashi daga danja.
Baya, ya gudu sama,
inda Legas ba ta barin kowa ya kai.
Huɗu. Bai wuce kaurin ƙwayar shinkafa ba a bakin fuli,
amma kan wannan muka raba dare.

Muka manna yumɓu a kan fistan, muka rufe,
muka juya da hannu sau biyu,
a hankali, kunnena a jikin ƙarfe.
Da muka buɗe, bawul ya bar sawunsa
kamar kofaton akuya a bakin rafi.
Na yanka da reza. Oga ya auna, ya sake aunawa.
Akwai fili, ya ce.
Tsakanin gaisuwa da karo, iyakar tazarar ke nan.

Ladanin Zango na gyaran murya muka ɗaure noti na ƙarshe.
Folarin ya yi barci kan tsohuwar taya, baki buɗe.
Na murɗa makulli.
Ta yi tari ɗaya, ta kama,
da wata 'yar ɗingisa a muryarta,
irin ta kalangun da aka matse a hammata.
Folarin ya miƙe ba takalmi.

Oga na wanke hannu da fetur, bai ko waiwayo ba.
Kar ka bar ta a silo, Nomau, sabon tozo ne.
Riƙe ta a dubu biyu, minti ashirin,
maƙwabta su yi ta zagi.
Ni zan yi alwala. In na idar, ka je.